Haramcin Kiɗa a Accra: Su Wane ne Ga, Akan da Guan, kuma Me Ya Sa Gardamar Ta Ƙi Ƙarewa?

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, Majalisar Gargajiya ta Ga, wato ƙabilar da ke da garin, da Hukumar Birnin Accra kan fitar da sanarwar da ke dagula lissafin masu coci, masu gidajen rawa da masu shirin biki: an hana kiɗa da hayaniya har tsawon wata guda. A 2024 haramcin ya fara daga 6 ga Mayu zuwa 6 ga Yuni, a 2025 kuma daga 12 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni. Ba a kafa lasifika a wajen coci ko masallaci ko mashaya, ba wa'azin bakin titi, ba taron makoki. A sanarwar masarauta har tafi da hannu kan shiga cikin jerin abubuwan da aka hana.

Baƙon da ya sauka a Nima ko Sabon Zango a irin wannan lokaci yakan yi mamaki, kuma da dalilinsa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa a cikin mutanen Ghana miliyan 30.8, Kirista su ne kashi 71.3 cikin ɗari, Musulmi kashi 19.9, masu addinin gargajiya kuwa kashi 3.2 kacal. To yaya aka yi waɗannan 'yan tsiraru ke iya sa babban birnin ƙasa ya yi tsit? Amsar ba ta cikin ƙidayar addini. Sai an koma kan wa ya riga wa zama a ƙasar, wane harshe ke danne wane, da kuma yadda sarauta da bauta suka cuɗanya a tsakanin jama'u uku na Ghana: Akan, Guan da Ga.

## Akan: masu rinjaye da gadon ɗakin uwa

Akan ba ƙabila ɗaya ba ce a yadda Bahaushe ya saba fahimtar kalmar. Laima ce da ta rufe Asante, Fante, Akyem, Akuapem, Kwahu, Bono, Denkyira, Wassa, Assin, Nzema, Ahanta da wasunsu, har ta tsallaka iyaka ta haɗa da Baule da Anyi na Kwaddibuwa. A ƙidayar 2021 su ne kashi 45.7 na 'yan Ghana. Fataken Hausa na dā sun fi sanin Asante a cikinsu, su ne suke kira Tonawa.

Abin da ya fi haɗa su shi ne tsarin dangantaka. A wurin Akan jini daga uwa yake fitowa, suna kiransa mogya, don haka yaro ɗan dangin mahaifiyarsa ne. Wannan dangi shi ne abusua, kuma manyan rassansa takwas ne, ciki har da Oyoko wanda sarakunan Asante ke fitowa daga cikinsa. Daga uba yaro ke samun ntoro, wato ruhin hali da wasu hane-hane, rai kuwa, okra, daga Ubangiji yake. A aikace ma'anar wannan ita ce gado da sarauta suna bin ɗakin uwa: ɗan 'yar'uwar sarki ne ke da hakkin kujera, ɗan cikin sarki ba shi da shi. Kawu, wanda suke ce wa wofa, yana da nauyin da a ƙasar Hausa baffa ke ɗauka, ko ma fiye. Kuma ohemaa, uwar sarauta, ita ke gabatar da sunan wanda za a naɗa kafin masu zaɓen sarki su amince.

Sunayen ranaku ma nasu ne, ko da yake yanzu sun bazu ko'ina a kudu. Kofi da Afua haihuwar Juma'a ne, Kwame da Ama na Asabar, Kwasi da Akosua na Lahadi, Yaw da Yaa na Alhamis. Wanda ya san Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, ba ya buƙatar dogon bayani: Kofi Annan Ɗanjuma ne, Kwame Nkrumah kuma Ɗan'asabe.

## Guan: tsofaffin mazauna da suka warwatsu

Nan ne maganar ta fi sarƙaƙiya, kuma nan ne Bahaushe ke da tsohuwar alaƙa ba tare da ya san sunan ba. Gwanja da kakanni suka riƙa tafiya fataucin goro, ita ce Gonja, kuma Gonja su ne reshe mafi girma na Guan.

Guan kashi 3.2 ne na jama'ar ƙasa, amma ba su da yanki guda da za a nuna a taswira a ce ga ƙasarsu. Suna nan tamkar an yayyafa su daga arewa har bakin teku: Gonja a yankin Savannah, Nawuri, Nchumuru, Krachi da Achode a kewayen tafkin Volta da kogin Oti, Nkonya a gabas, Anum, Boso, Larteh da Kyerepong a tsaunukan yankin Gabas, sai Efutu da Awutu a Winneba da Senya da ke gaɓar teku. Yawancin masu tarihi suna ɗaukar wannan warwatsuwa a matsayin shaidar cewa Guan na cikin mazaunan farko, daulolin da suka taso daga baya ne suka ratsa tsakaninsu suka raba su.

Misalin Akuapem ya nuna yadda abin ya faru. Mutanen Larteh da Kyerepong suna zaune a kan tsaunukan, ƙarƙashin jagorancin masu kula da wuraren bautarsu, ba su da babban sarki. Daular Akwamu ta mallake su ta gallaza musu. Da Akyem suka taimaka aka karya Akwamu a 1730, sai aka ƙulla yarjejeniyar Abotakyi a 1733, wadda ta ɗora sarki ɗan Akyem a Akropong a kan kowa. Tun daga nan Guan ɗin Akuapem suka shiga tsarin sarautar Akan, suna jin Twi, amma suka riƙe harshensu a cikin gida, suka kuma riƙe gadonsu ta wajen uba. Garuruwa biyu na iya kallon juna a kan tsauni ɗaya, a ɗaya ɗan 'yar'uwa ke gado, a ɗayan ɗan ciki.

A arewa kuwa akasin haka aka samu. Mahaya dawakin da suka kafa daular Gonja a ƙarni na 16 asalinsu Mande ne, amma harshen Guan na mutanen da suka tarar shi ne ya rinjaye su. Al'ummar Gonja ta kasu uku: Ngbanya masu sarauta, Karamo wato gidajen malamai Musulmi, da Nyamase talakawan ƙasa waɗanda wuraren bautar ƙasa ke hannunsu. Babban sarkinsu Yagbonwura yana zaune a Damongo, garin da aka haifi Shugaba John Dramani Mahama, wanda shi ma ɗan Gonja ne. Salaga, kasuwar goron da Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi wa zarya, a ƙasar Gonja take. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake da malamai da yawa suka koma Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a can a 1934. Wato daga wata ƙasar Guan suka tashi, a wata ƙasar Guan suka sauka.

Zama ƙarƙashin suna ɗaya bai sa Guan sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. A 1991 Nawuri da Gonja, dukkansu Guan, sun gwabza faɗa kan mallakar ƙasar Kpandai. Sunan ma ba koyaushe yake nufin abu ɗaya ba: gundumar Guan da aka ƙirƙiro a yankin Oti ta ƙunshi Santrokofi, Akpafu, Lolobi da Likpe, waɗanda a siyasa da ƙidaya Guan ake kiransu, alhali masana harsuna suna sa harsunansu a wani rukuni dabam na tsaunukan iyakar Ghana da Togo.

## Ga: masu gari da suka zama 'yan tsiraru a garinsu

Ga da 'yan'uwansu Dangme ana lissafa su tare, kashi 7.1 na jama'ar ƙasa. Ga suna da manyan garuruwa shida a jere a bakin teku: Ga Mashie wato tsohuwar Accra, Osu, La, Teshie, Nungua da Tema. Dangme kuma sun haɗa da Ada, Krobo, Shai, Ningo da Prampram. Gadonsu ta wajen uba yake, kuma kowane mutum yana jingine da gidan kakanninsa da ake kira we.

Tsohuwar cibiyarsu Ayawaso ce, a cikin tudu nesa da teku. Akwamu suka rushe ta a 1677 zamanin Sarki Okaikoi, jama'a suka gangaro suka raɓu da ganuwoyin Turawa uku: ta Holan, ta Ingila da ta Danmak a Osu. Garin da ya taso a nan tun farko haɗaka ne. Unguwar Otublohum asalinta Akwamu ne, unguwar Alata ta samo suna daga ma'aikatan da aka kwaso daga gaɓar gabas, Tabom kuwa jikokin bayin da suka komo daga Barazil ne. Sunan Accra kansa daga kalmar Twi ta Nkran ya fito, wadda ita ce tsofaffin Hausawa suka mayar Ankara.

Abin lura a nan shi ne asalin shugabancin Ga ba na sarakuna ba ne. Wulomo, babban limamin addinin gargajiya, shi ne shugaban gari. Kujerar sarauta, tamburan yaƙi da rundunonin asafo an aro su ne daga Akan lokacin da yaƙe-yaƙe da hulɗa da Turawa suka buƙaci wani mai fita fagen fama, abin da wulomo ba ya yi. Mantse, wato sarki, daga baya ya zo. Wannan ne ya sa har yau kalandar gari take hannun wulomo, sarki kuma yana sanarwa ne yana kare ta.

Sannan a 1877 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka kawo Accra. Daga nan baƙi suka yi ta kwarara. A yau a yankin Accra da kewaye Akan sun fi Ga da Dangme yawa, masu garin ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

## Harshe: wa ke jin wa

Dukkan harsunan uku suna cikin rukunin da masana ke kira Kwa, kuma duk suna amfani da karin sauti wajen bambanta ma'ana kamar Hausa. Amma kusancinsu bai bi taswira ba. Harsunan Guan 'yan'uwan Akan ne na kusa, reshe ɗaya suka fito. Ga da Dangme reshe ne dabam, ko da yake Ga ta kwashi kalmomi masu yawa daga Twi. Mai jin Twi ba zai gane Ga ba sai ya koya. A cikin Akan kuwa, Asante Twi, Akuapem Twi da Fante suna fahimtar juna, Nzema dai ta yi nisa har ana koyar da ita a matsayin harshe mai zaman kansa.

Rubutu ya zo ne ta hannun 'yan mishan na Basel, waɗanda suka kafa sansani a Akropong a 1835. Johannes Zimmermann ya fassara Baibul zuwa Ga a shekarun 1860, Johann Christaller kuma ya kammala na Twi a 1871 da ƙamus a 1881. Saboda a Akuapem suka zauna, karin Akuapem ne ya fara zama Twi ɗin littafi, duk da cewa masu Asante sun fi yawa nesa ba kusa ba. Yaran Guan na Larteh da ke maƙwabtaka da mishan ɗin da Twi aka koyar da su. A cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a makarantu, Akan na da Asante Twi, Akuapem Twi, Fante da Nzema, Ga da Dangme kowanne na da gurbinsa, amma a duk harsunan Guan, Gonja kaɗai ta samu shiga. Hausa ba ta cikin jerin, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita.

A titi kuwa Twi ce ke cin kasuwa. A kasuwar Makola ta Accra, a tashar mota, a gidajen rediyo masu zaman kansu, da ita ake ciniki ko da a tsakiyar ƙasar Ga. Wannan shi ke sa ƙananan abubuwa su zama manya: a 2025 an yi ta cacar baki kan ko allunan maraba a birnin su ci gaba da ɗaukar Akwaaba ta Akan, ko a sa Oobake ta Ga. Hausa ma ta bar sawunta a wannan cuɗanya. Waakye daga wake take, koose ƙosai ne, kuma sunan 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwa, kayayei, rabinsa Hausa ne rabinsa Ga: kaya, da yei mai nufin mata.

## Abin da ake bauta wa, da yadda ake yi

A fasali, addinan uku sun yi kama. Akwai Mahalicci ɗaya a sama, wanda Akan ke kira Nyame ko Onyankopon, Ga kuma Ataa Naa Nyonmo, sunan da ya haɗa kaka namiji da kaka mace. Ba a cika gina masa ɗakin bauta ba. A ƙarƙashinsa akwai iskoki masu zama a koguna, tafkuna, duwatsu da teku: abosom a wurin Akan, jemawoji a wurin Ga. Sai kakanni da suka rasu, waɗanda ake zuba wa giya ko ruwa a ƙasa ana kiran sunayensu. Kiristocin yau da waɗannan sunaye na Nyame da Nyonmo suke kiran Allah a coci, kuma alamar nan ta Gye Nyame da ake gani a atamfa da kujerun roba ma'anarta "sai Allah".

Bambancin yana wajen da kowa ya fi ba nauyi. A wurin Akan, kakanni da kujera ne cibiya. Idan sarki nagari ya rasu akan baƙanta kujerarsa a ajiye ta a ɗaki na musamman, kuma a kowane zagaye na kwana 42 sarki mai ci yana shiga ya kai musu abinci da abin sha. Bikin Akwasidae da ake yi a fadar Manhyia a Kumasi, inda Otumfuo Osei Tutu II ke zaune tun 1999, shi ne fuskar wannan ibada da jama'a ke gani. Kujerar Zinariya da aka ce limamin gargajiya Okomfo Anokye ya sauko da ita wa Osei Tutu na farko ana ɗaukarta a matsayin ran al'ummar Asante, shi ya sa da gwamnan Ingila ya nemi a kawo masa ita ya zauna a 1900, uwar sarauta Yaa Asantewaa ta ja yaƙi. Ƙasa ma, wadda suke kira Asase Yaa, tana da ranarta: Alhamis, ranar da ba a sa mata fartanya a garuruwa da yawa.

Guan sun yi suna da manyan wuraren bauta da suka wuce iyakar ƙabila. Dente na Krachi har sarakunan Asante kan aika neman shawararsa, kuma ƙarfin limaminsa ya kai inda Jamusawa suka kashe shi a 1894 don su samu iko da kasuwar Kete. Akonnedi na Larteh ya horar da masu bauta daga sassan ƙasa daban-daban har da baƙaƙen fatar Amurka. A Winneba, ranar Asabar ta farkon Mayu, rundunoni biyu, Tuafo da Dentsifo, kan shiga daji su yi tseren kamo mazo da ransa da hannu don miƙa wa abin bautarsu Penkye Otu. Bikin Aboakyer ke nan.

A wurin Ga, teku da tafkunan bakinsa ne ke gaba. Manyan wulomoi na Ga Mashie su ne na Nai, wato teku, na Sakumo da na Korle. Wulomo yana sa fararen kaya, ba ya ganin gawa, kuma iska ba ta hawansa. Masu hawan iska su ne woyei, galibi mata, waɗanda ke isar da saƙo, kusan yadda aka san 'yan bori. Masunta ba sa shiga teku ranar Talata. Wani abin da ke nuna zurfin cuɗanyar shi ne waƙoƙin ibadar Kple, mafi tsufa a addinin Ga, suna ɗauke da kalmomin Awutu na Guan da na Akan, waɗanda masu rera su da yawa ba sa jin ma'anarsu.

## Asalin haramcin

Haramcin yana jingine da Homowo, babban bikin shekara na Ga, wanda sunansa ke nufin yi wa yunwa ihu. Labarin baka ya ce kakannin Ga sun sha wata muguwar yunwa, da damina ta yi albarka suka yi mata ature. Kalandar bikin tana farawa ne a Mayu, lokacin da wulomoi ke shuka gero a gonakin ibada. Daga ranar shuka ake son gari ya yi shiru na kimanin kwana talatin, domin a aƙidarsu iskoki na buƙatar natsuwa su kula da tsiron, limamai kuma suna cikin addu'a. Idan wa'adi ya cika, Gbese Mantse, sarkin unguwar Gbese ta Ga Mashie, ya buga tamburan Odadao, kiɗa ya dawo. A Agusta zuwa Satumba ake babban biki, gari bayan gari, inda ake yayyafa kpokpoi, wato garin masara da aka turara aka murza da manja, ana ci da miyar kwakwar manja da kifi. Kowane gari da nasa lokacin haramci, shi ya sa wanda ya gama da na Ga Mashie zai iya tarar da na La ko Teshie a gaba.

Shekaru da yawa ba a samu rikici ba, don tsofaffin coci-coci irin su Katolika, Methodist da Presbyterian sun saba lallaɓawa. Abin ya canza da bunƙasar coci-cocin Fentikos masu ganguna, gita da manyan lasifikoki. A 1998 matasan Ga suka afka wa wata babbar coci a Korle Gonno, aka ji wa mutane rauni, aka kwashe kayan kiɗa. An sake samun irin haka a shekarun da suka biyo baya.

## Matsayin ɓangarori

Masarautar Ga na cewa ƙasar tasu ce, su suka ba kowa wurin zama, kuma wata ɗaya cikin goma sha biyu ba abu ne mai yawa a roƙi baƙo ba. Suna nuni da cewa wanda ya je Kumasi ba ya gardama idan Manhyia ta hana taron makoki ko ta ce a rufe kasuwa don wata hidimar sarauta. Tsarin mulkin 1992 yana ba su madogara: sashe na 270 ya tabbatar da sarautar gargajiya, sashe na 11 ya sa dokar al'ada cikin dokokin ƙasa, sashe na 26 kuma ya ba kowa 'yancin raya al'adarsa. Da yawa daga cikin masu kare haramcin a yau Kirista ne da kansu. Suna kallonsa a matsayin alamar cewa har yanzu garin na da masu shi.

Coci-cocin da ke adawa sun dogara da sashe na 21, wanda ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi. Hujjarsu ita ce dalilin haramcin na ibada ne, don haka tilasta musu bin sa daidai yake da sa su yi biyayya ga abin da ba su yi imani da shi ba, a cikin ginin da suka saya da kuɗinsu. Suna ƙarawa da cewa Accra babban birnin kowa ne, kuma dokar al'ada ta wata al'umma ba ta hau kan wanda ba ɗanta ba.

Hukuma ta zaɓi tsakiya ta hanyar sauya wa maganar suna. Ba ta cewa a yi shiru don iskoki, tana cewa a kiyaye dokar hana hayaniya, wadda dama tana nan duk shekara: ma'aunin hukumar kare muhalli a unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana, 48 da dare. Ta kuma ce ba mai ikon tilastawa sai kwamitin da ya haɗa ma'aikatanta, 'yan sanda da wakilan masarauta masu ɗauke da shaida. Wannan dabara ta rage zubar da jini, amma ba ta warware tambayar asali ba, domin abin da masarauta ke sanarwa yakan fi na hukuma tsauri, kuma matasan da ke zagayawa ranar Lahadi ba duka ne ke da shaidar ba.

Jama'ar zango galibi ba su shiga wannan takaddama ba. Tarihin zamansu ya taimaka: filin Sabon Zango daga hannun sarakunan Ga Malam Baƙo ya same shi, Nima ma daga wani gida na Osu aka ba Malam Futa, kuma sarakunan zango sun saba kai gaisuwa lokacin Homowo. Sallah ba ta buƙatar ganga. Inda abin ke taɓa su shi ne lasifikar kiran sallah, wa'azin dare da bukukuwan aure. Yadda batun lasifika ke da zafi ya bayyana a 2018, lokacin da ministan muhalli na wancan lokaci ya ba da shawarar a riƙa kiran sallah ta saƙon waya ko WhatsApp, Musulmi suka yi watsi da ita nan take.

## Inda abin ke shafar talaka

Na farko aljihu ne. Makaɗa, masu hayar lasifika da rumfuna, masu dafa abincin biki da masu gidajen shaƙatawa kan yi wata guda kasuwa na kwance. Iyalin da aka yi wa rasuwa a cikin wa'adin, idan masu jinkirta jana'iza ne, sai su ci gaba da biyan kuɗin ɗakin ajiye gawa har a ɗage.

Na biyu gado. Matar da ta auri ɗan Akan, ko 'yar zango ce ko 'yar Ga, a dā tana iya wayar gari dangin mijin ta wajen uwa sun karɓe gida. Dokar gado ta 1985 ta sauya wannan ga wanda ya rasu bai bar wasiyya ba: gida ɗaya da kayan ɗaki na mata da 'ya'ya ne, sauran dukiya kuma a kasa ta goma sha shida, 'ya'ya su ɗauki tara, mata ko miji uku, iyaye biyu, biyu su bi al'ada. Dokar ba ta bambanta addini ba, kuma ba ta taɓa dukiyar dangi ko ta kujerar sarauta ba. A nan ne yawancin shari'o'i ke tsayawa: wannan gonar koko, da guminsa ya same ta ko ta abusua ce?

Na uku fili. Kusan kashi 80 na ƙasar Ghana yana hannun sarakuna da gidajen gargajiya. A ƙasar Asante mai saye ya san kujerar da zai nufa. A Accra kuwa wani filin na kujera ne, wani na gida, wani na wulomo, ga kuma rigingimun sarauta da ke sa mutum biyu su sayar da fili ɗaya. Dokar filaye ta 2020 ta haramta 'yan daban da ake hayar su tsaron fili, amma mai saye har yanzu sai ya binciki ko wanda ya sa hannu shi ne mai ikon sa hannun.

Na huɗu makaranta. A Oktoban 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya ba da umarnin koyarwa da harshen gida, daga baya aka fayyace cewa daga rainon yara ne zuwa aji uku na firamare. A ƙauyen Asante wannan ba wuya. A aji ɗaya a Nima ko Madina, inda ɗan Hausa, ɗan Ewe, ɗan Dagomba da ɗan Asante ke zaune a benci guda a kan ƙasar Ga, sai an zaɓi harshen wani. Yaron Larteh ko Efutu kuwa, wanda harshensa ba ya cikin goma sha ɗayan, da Twi ko Fante za a koyar da shi a ce masa harshen gida ne.

Akwai kuma ƙuri'a. Da aka yanke yankin Oti daga Volta bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 2018, garuruwan Santrokofi, Akpafu, Lolobi da Likpe suka faɗa tsakanin mazaɓu biyu. Ana gobe zaɓen 2020 hukumar zaɓe ta sanar cewa shugaban ƙasa kawai za su zaɓa. Suka yi shekara huɗu ba su da wakili a majalisa, sai a zaɓen 2024 aka ba su mazaɓar Guan, wadda ta kai kujerun majalisar Ghana 276.